Dodo Mai Falmaran: Tarihin Zanen Halittun Da Ke Haɗa Tsoro Da Dariya



Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a labaran aljanu da dodanni da ake rubutawa yanzu. Marubuci zai ja mu har bakin kogo, gabanmu na faɗuwa, sai ya ce wata halitta ta fito, idanunta jajur kamar garwashi, muninta ba ya misaltuwa. Shi ke nan, ya wuce. Mu masu alƙalami muna da wannan mafaka, amma mai zane ba shi da ita. Shi dole ya yanke shawara: yatsu nawa ne a ƙafar dodon, yana da tumbi ko shafaffen ciki gare shi, tsirara yake ko da sutura, in da sutura wa ya ɗinka masa? Da zarar kuwa an fara amsa irin waɗannan tambayoyi, sai dariya ta leƙo. Masu zane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna fama da wannan, wasu na korar dariyar, wasu na shimfiɗa mata tabarma. Tarihin kashi na biyun muka ɗauko yau.

Sunan da Turawa suke kiran wannan salo da shi ma a rami aka tsinto shi. A shekara ta 64 miladiyya gobara ta cinye babban ɓangaren birnin Rum, sai sarki Nero ya gina wa kansa ƙasaitacciyar fada a filin da wutar ta share, aka yi mata laƙabi da Gidan Zinare. Bayan mutuwarsa a shekara ta 68, sarakunan da suka gaje shi suka cike ɗakunan da ƙasa, suka ɗora wasu gine-gine a kai. Sai wajen 1480 aka sake gano su. Masu zane suka riƙa zura jiki ta ramuka da igiya, da wuta a hannu, suna haska rufi: ga reshen fure da ya ƙare da kan mutum, ga mace mai fiffike wadda daga ƙugu ta koma ganye. Da yake a ganinsu kogo suka shiga, kogo kuwa da Italiyanci grotta ne, sai suka kira zanen grottesche. Kafin 1520 Raphael da almajirinsa Giovanni da Udine sun ƙawata wata doguwar baranda a fadar Fafaroma da irin wannan zane, daga nan ya bazu cikin Turai.

Tun asali abin bai rasa masu suka ba. Vitruvius, masanin gini na zamanin sarki Augustus, ya yi ƙorafin cewa masu zane sun bar abin da ido ya sani sun koma zana abin da babu shi kuma ba zai taɓa yiwuwa ba. Shi kuwa mawaƙi Horace, da irin wannan hoto ya buɗe shawarwarinsa ga marubuta, kan mutum a wuyan doki da mace mai jelar kifi, don ya nuna yadda littafin da farkonsa bai san ƙarshensa ba yake zama abin dariya. Amma wanda ya fi burge mu cikin masu sukar shi ne Bernard na Clairvaux, wani babban malamin Kirista a Faransa. Wajen 1125 ya rubuta wasiƙa yana faɗa a kan dodannin da aka sassaƙa a ginshiƙan gidajen ibada, masu kai ɗaya da jiki da yawa, da masu jiki ɗaya da kawuna da yawa, da kifi mai kan dabba. Damuwarsa ita ce masu ibada sun fi son wuni suna kallon duwatsun a kan karanta littafi, ya kuma ce in ba a ji kunya ba, ai a ji zafin kuɗin da aka kashe. Ku lura da yadda ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya iya wannan lissafi, shi ma ya daɗe a tsaye yana kallo.

Sai Hieronymus Bosch, wanda ya rayu a garin 's-Hertogenbosch na ƙasar Holan ta yau, ya rasu a 1516. A nan za mu ɗan zauna, don duk wanda ya zo bayansa a wannan fage ya sha daga rijiyarsa. A wani zanensa da ke birnin Lisbon, wanda ke nuna yadda shaiɗanu suka dami wani waliyyin Kirista mai suna Anthony, akwai wata halitta a ƙasan hoton: tsuntsu ne mai dogayen kunnuwa da suka zubo, ya kifa mazurari a ka a matsayin hula, ya sa takalman sulu a kan ƙanƙara, ga wasiƙa a baki. Masinja ne. Shaiɗan ne, amma an aike shi, kuma da gani ya ɗauki aikin da muhimmanci. A babban zanensa da ke gidan tarihi na Prado a Madrid kuwa, ɓangaren da ya zana azabar lahira cike yake da kayan gida. Ga kunnuwa biyu manya, babu kai babu jiki, da wuƙa a tsakaninsu suna bi ta kan mutane. Ga wani mai kan tsuntsu zaune a doguwar kujera, tukunya a kansa, tuluna a ƙafafunsa, yana haɗiyar mutum ta sama yana kasayar da shi ta ƙasa cikin rami. Ga alade da lulluɓin mata masu zuhudu yana rarrashin wani ya sa hannu a takarda. Kayan kiɗa ma sun zama kayan azaba.

Me ya sa wannan yake kama zuciya fiye da jajayen idanu da fiƙoƙi? A ganinmu, don Bosch bai je nesa neman kayan aiki ba. Mazurari, tukunya, tulu, wuƙa, duk abubuwa ne da mai kallo ya taɓa da hannunsa da safe. Ganinsu a inda bai dace ba yana sa mutum murmushi, kafin murmushin ya gama sauka kuma sai ya lura cewa wanda ake haɗiyar mutum ne kamarsa. Sarki Philip na Biyu na Sifaniya, wanda ba a san shi da wasa ba, ya tara zane-zanen Bosch da dama a fadarsa. A 1605 wani malamin fadar mai suna José de Sigüenza ya kare Bosch daga masu zarginsa, yana cewa sauran masu zane suna nuna mutum ne yadda yake a waje, shi kuwa ya yi ƙarfin halin nuna shi yadda yake a ciki.

'Yan kasuwa ba su bar abin ya wuce su ba. A 1565 wani mai buga littattafai a Faris ya fitar da littafi mai hotuna 120 na irin waɗannan halittu, kusan babu rubutu sai gabatarwa, ya ce wai aikin ƙarshe ne na marubuci Rabelais, wanda ya rasu shekaru goma sha biyu kafin nan. Masana sun fi karkata ga cewa wani mai zane ne daban ya yi su, aka liƙa sunan mamaci don littafi ya shiga kasuwa. Ashe wannan dabara ta daɗe.

Kada a ɗauka Turai ce kaɗai. A fadar Topkapi ta Istanbul akwai wasu kundaye da ke ɗauke da zane-zanen da ake danganta wa wani da ake kira Muhammad Siyah Qalam, wato mai baƙin alƙalami, na wajen ƙarni na 14 zuwa na 15. Aljanunsa masu ƙaho ne da jela da fata mai tamoji, amma dubi abin da suke yi: rawa, kiɗa, kokawa, shaye-shaye, gardama. Sun sa ɗan gajeren zane a ƙugu, da mundaye a hannu da ƙafa. Kamar dai ka leƙa zangon fatake da dare. A Shahnameh kuma, littafin sarakunan Farisa da Firdausi ya kammala a 1010, akwai wani ifiritu mai suna Akwan da ya tarar da jarumi Rustam yana barci, ya ciccibe shi har da ƙasar da yake kwance a kai, ya tambaye shi: a dutse zan jefa ka ko a teku? Rustam ya san halin irinsu na yin akasin abin da aka roƙa, sai ya zaɓi dutse, aka wurga shi teku, ya yi iyo ya fita. Masu zanen Farisa sun so wannan wuri ƙwarai, suna zana ƙato mai dabbare-dabbaren jiki ya ɗaga dutse sama da ɗan mutum a kai. Ƙarfi har ƙarfi, wayo kuwa babu. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Dodo ba ya buƙatar a yi masa bayani. A Japan ma akwai tsohon zance cewa kayan aiki in sun shekara ɗari sukan sami rai, don haka aka zana jerin gwanon dare na tukwane da laima da kayan kiɗa masu ƙafafu, suna ta shagali a titi, gari na wayewa su watse.

Yanzu mu zo zamanin da mai zane da mai ƙagaggen labari suka fara aiki a littafi ɗaya. A ƙarshen 1871 Lewis Carroll ya fitar da littafi na biyu na labarin yarinyar nan Alice, a ciki akwai dodon da ya kira Jabberwock. Carroll bai bayyana siffarsa sosai ba, sai ya bar wa John Tenniel, mai zanen barkwancin siyasa a mujallar Punch. Tenniel ya ba shi dogon wuya, fukafukan jemage, farata zaƙo-zaƙo, haƙoran gaba irin na zomo. Sannan ya sa masa falmaran, har da maɓallai. Dodon da ke fitowa daga duhun daji zai ci yaro, amma ya tsaya ya ɓalla maɓalli kamar akawu zai tafi ofis. Da farko a shafin farko aka so sa hoton. Carroll ya ji tsoron kada ya firgita yara, ya aika wa iyaye mata wajen talatin yana neman ra'ayinsu, a ƙarshe aka mayar da shi cikin littafi. Kun ga falmaran ɗin bai rage masa kwarjini ba.

Daga nan sai Sidney Sime, ɗan talakawan Manchester da ya yi aiki a ramin haƙar kwal yana yaro kafin ya koyi zane. Shi ya yi hotunan littafin farko na Lord Dunsany, wani basaraken Ailan, a 1905. Abin da ya faru tsakaninsu a littafin The Book of Wonder na 1912 shi ne ya fi shafar mu. Dunsany ya juya tsarin da aka saba: ya ce Sime ya fara zana abin da ya ga dama, shi kuma zai rubuta labarin da hoton ya faɗa masa. A littafin ne muka haɗu da Gibbelins, dodannin da ba su da abinci sai mutum, waɗanda suka tara dukiya a hasumiyarsu don kawai ta jawo musu ɓarayi da jarumai, kamar yadda ake sa wa kifi tana a ƙugiya. In yunwa ta yi tsanani har yaƙutu sukan warwatsa a hanya zuwa wani gari. Jarumin labarin ya yi shiri mai kyau, ya hau dodonsa mai fiffike, jama'a na yi masa kirari, ya shiga ta ƙarƙashin ginin. Suna nan suna jiransa. A jimla ɗaya Dunsany ya rataye shi a bango ya rufe labari. Mai karatu zai yi dariya, sannan ya ji kunyar dariyar. Wannan gwaji na fara hoto kafin labari, duk wanda ke da aboki mai zane a cikinmu zai iya yin sa a mako ɗaya.

A 1923 aka kafa mujallar Weird Tales a Chicago ta Amurka, mai arhar takarda, wadda ta zama gidan irin waɗannan labarai. Marubuta biyu a cikinta sun ɗauki hanya biyu. H. P. Lovecraft ya fi yarda da ɓoyewa, yana yawan cewa abin da aka gani ya fi ƙarfin harshe. A 1928 mujallar ta buga labarinsa na Cthulhu, dodo mai kai irin na dabbar tekun nan mai hannaye takwas, da jiki mai ɓawo, da 'yan fukafukai. A rubuce abin yana da nauyi. Amma a 1934 Lovecraft da kansa ya zana shi a takarda don wani abokinsa, sai ga wani mai tumbi a tsugune kan dakali, hannu a gwiwa, kamar wanda ciwon ciki ya tayar da tsakar dare. Yau ana ɗinka 'yar tsanar Cthulhu da auduga ana sayar wa yara. Dodon da aka gina shi a kan "ba ya misaltuwa", ranar da aka misalta shi sai ya zama abin wasa, ba da son mai shi ba.

Clark Ashton Smith kuwa da gangan ya yi nasa. Talaka ne a garin Auburn na jihar Kalifoniya, yana aikin tsinkar 'ya'yan itatuwa da faskare, shi ya koyar da kansa kusan komai, kuma mai zane ne, daga 1935 ma ya fara sassaƙa 'yan ƙananan kawunan dodanni da dutse mai taushi. Saboda hannunsa ya saba da siffa, dodanninsa suna da jiki da hali. Tsathoggua, wanda ya fi shahara, gajere ne mai tumbi, kai kamar kwaɗo, gashi kamar jemage, idanu kullum a lumshe don barci. Malalaci ne, ba ya farauta, sai dai a kawo masa. A wani labari na 1934, wani mai sarauta mai girman kai ya fita farauta ya ɓata wa wani boka tsafi, bokan ya ɗaure shi da asiri ya tura shi ga Tsathoggua a matsayin abinci. Tsathoggua ya ɗaga ido da ƙyar ya ce bai daɗe da cin abinci ba, a kai wa gizo-gizon da ke ƙasa. Gizo-gizo ya ce saƙa ta sha masa kai, a wuce da shi gaba. Macizai masana suka duba shi suka ce suna da irinsa a ajiye. Na can ƙasa gaba ɗaya ya ce yana tsoron ya ɓata masa ciki. Wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur zai gane wannan tafiya. Babban mutum, sai ga shi ko a abinci ba a son sa. Kuma Smith bai bar shi ya tsira ba: a hanyar komawa saƙar gizon ta tsinke da shi a kan rami marar iyaka.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da bai kamata mu tsallake ba, don mu aka yi wa. Wajen shekara ta 77 Pliny, marubucin Rum, ya rubuta cewa a Afirka akwai mutanen da ake kira Blemmyes, ba su da kai, idanunsu da bakinsu a ƙirji suke. Blemmyes kuwa mutane ne na gaske, sun zauna tsakanin kogin Nilu da Bahar Maliya, sun yi yaƙi da Rumawa, kuma masana da yawa suna danganta su da ƙabilar Beja ta gabashin Sudan, wajen Kassala da Port Sudan, inda 'yan uwanmu Hausawa ma suke zaune a yau. Fiye da shekara dubu Turawa suna kwafar wannan hoto, a taswirar duniya ta Hereford ta wajen 1300 an jera irinsu a gefen Afirka, an kuma buga su a wani babban littafin tarihi a Nuremberg a 1493. Hoton ban dariya ne, amma wanda aka saba ganinsa ba kai, ba a jin nauyin sa masa sarƙa. Shi kansa Lovecraft ya tsani baƙar fata da baƙin haure, kuma hakan ya fito fili a rubutunsa. Daga 1975 kyautar World Fantasy da ake ba marubutan wannan fanni ɗan mutum-mutumin kansa ce, wanda mai zanen barkwanci Gahan Wilson ya ƙera da zuru-zurun idanu da doguwar haɓa. A 2011 Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci kyautar da littafinta Who Fears Death, ta kuma fito ta rubuta yadda ta ji da ajiye kan mutumin da ya rubuta waƙar cin mutuncin baƙar fata a cikin gidanta. Muhawara ta yi zafi, a 2015 aka sanar da daina ba da shi, daga baya aka musanya da siffar bishiya da wata a bayanta. Duk wanda zai ƙirƙiri mummunar halitta a cikinmu, ya duba da kyau ko kamannin wata ƙabila, ko na mai wata lalura, ya ara bai sani ba.

Maurice Sendak a gida ya samo nasa. Littafinsa na yara na 1963, Where the Wild Things Are, da dawakai ya so yi, sai ya ga bai iya zana doki ba. Ya koma ya zana kawunnansa da gwaggonninsa, Yahudawan da suka yi ƙaura daga Turai, waɗanda yana yaro sukan zo gidansu cin abinci, su ja masa kumatu suna cewa kamar su cinye shi.

A nan Nijeriya, D. O. Fagunwa ya fitar da labarin maharbinsa a dajin aljanu da Yarabanci a 1938, mai ɗauke da Agbako mai ido goma sha shida. Da Wole Soyinka ya fassara shi a 1968, Bruce Onobrakpeya, wanda a Zariya ya yi karatun zane, shi ya yi hotunan. Amos Tutuola kuma a 1952 ya kawo cikakken kyakkyawan saurayin nan da ya ja budurwa daga kasuwa, a hanya yana mayar wa masu su ƙafa da hannu da ciki da ya yi haya, yana biyan kuɗin hayar, har ya rage ƙoƙon kai kaɗai yana tsalle. Biyan kuɗin hayar nan shi ne falmaran ɗin Tutuola. Mu ma muna da 'yar uwar wannan a tatsuniyar budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo.

Dodonmu na tatsuniya dama a wannan layi yake. Yana iya haɗiye gari sukutum, amma yana tsoron karnuka, yana da mata da 'ya'ya da gona, ana cin amanarsa, Gizo ko Auta na yi masa wayo. Har katantanwa muka ara wa sunansa muka ce dodon koɗi. Kakanninmu sun ba shi hali cikakke, fuskar ce suka bar wa duhun tsakar gida, kowane yaro ya zana tasa a zuci. Inda aka fito da ita fili, ɗaya shi ne birnin Wagadugu na Burkina Faso, inda ake wani wasan watan azumi mai kama da tashenmu, sunansa ma Dodo, wanda aka ce fataken Hausawa ne suka kai shi. Yara ne suke haɗa fuskokin da hannunsu, da ƙwarya da kwali da fenti, su bi gida-gida da dare suna rawa ana ba su sadaka.